Tauraron nan mai launin ruwan goro da ke bin Kaza da 'Ya'yanta

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ya ce a dararen hunturu yakan ga wani tauraro mai launin ruwan goro a ƙasan Kaza da 'Ya'yanta idan sun keto daga gabas. Wani abokinsa ya ce masa duniyar Mars ce. Wani kuma ya ce tauraro ne da ya riga ya mutu, haskensa ne kawai ya rage a hanya. Yana so ya san mene ne shi, me ya ba shi wannan launi, yaya nisansa da girmansa, kuma yaushe ya fi ganuwa.

Ɗan'uwa, bisa kwatancen da ka yi, tauraron da kake gani shi ne Dabaran, wanda Turawa suka aro sunansa daga Larabci suke ce masa Aldebaran. Larabawa sun sa masa wannan suna ne don yana bin bayan Surayya, wato Kazar tamu, kuma haka yake kullum: ta riga shi fitowa da kusan awa ɗaya, ta riga shi faɗuwa. Yana cikin burujin Sauru, a daidai wurin da masu zanen sama na dā suke sa idon bijimin. A jerin taurarin da suka fi haske da dare shi ne na 14. Malamanmu masu hisabi sun san shi sarai, domin shi ne na huɗu a cikin manzilolin Wata 28, wato zangunan da Wata ke sauka a hanyarsa ta sama, yana biye da Surayya, Haƙa'a na biye da shi.

Abokinka da ya ce Mars ce yana da ɗan uzuri. Launinsu ya yi kama, kuma hanyar da Rana da Wata da duniyoyi suke bi a sama ta ratsa ta cikin Sauru, digiri biyar da rabi kacal arewa da Dabaran. A watan Disamba na 2022 Mars tana cikin wannan buruji tana haske ƙwarai, a Disamba na 2024 kuma duniyar Mushtari, wadda Turawa ke ce wa Jupiter, ce ta sauka a wurin. Amma rarrabewa ba wuya. Duniya irin Mars tafiya take yi a tsakanin taurari: ka lura da ita yau, ka sake dubawa bayan mako biyu ko uku, za ka tarar ta gusa. Dabaran kuwa yana nan inda kakanninka suka gan shi, a bakin wasu ƙananan taurari da suka jeru kamar harafin V. Sannan tauraro yana ƙyaftawa, musamman idan yana ƙasa-ƙasa, ita kuwa duniya haskenta a tsaye yake. Dalili shi ne tauraro ɗigo ne ƙwal saboda nisa, motsin iska kaɗan ya isa ya karkata haskensa, duniya kuwa tana kusa, tana da ɗan faɗi a sama ko da ido bai rarrabe ba.

Yanzu ga batun launi, wanda a ganina shi ne zuciyar tambayarka, domin daga launin nan ne ake warware kusan duk labarin tauraron.

Je ka maƙera ka tsaya ka kalli ƙarfe a wuta. Da ya fara ɗaukar zafi sai ya yi ja mai duhu. Ana ƙara zuga sai ya koma ruwan goro, daga nan rawaya, in aka matsa masa ya yi fari fat. Maƙeri ba ya buƙatar ma'auni, launi ke gaya masa lokacin da zai ɗora a uwar maƙera. Ƙa'idar nan ɗaya ce ke aiki a kan taurari. Fatar Rana tana da zafin kusan digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa haskenta fari ne mai ɗan sirkin rawaya. Fatar Dabaran kuwa wajen digiri 3,600 ce. Ke nan, saɓanin yadda zuciya ke raya wa mutum cewa ja shi ne wuta, tauraro mai ja ko ruwan goro shi ne mafi ƙarancin zafi, masu fari da shuɗi-shuɗi irin na cikin Kaza su ne suka fi ƙuna, don zafin fatarsu ya haura digiri 10,000. Ka haɗa su a ido ɗaya a dare ɗaya, Kaza a sama Dabaran a ƙasa, za ka ga bambancin da kanka.

To a nan ne hankali zai tsaya. Abu mai ƙarancin zafi haskensa ba ya kai na mai zafi. Idan ka yanki fili daidai wa daida a fatar Rana da fatar Dabaran, na Dabaran kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin na Rana kawai yake fitarwa. Amma duk da haka muna ganinsa tangaran daga nisan da, in da Rana ce aka kai can, da ƙyar ido mai lafiya zai iya tsinto ta ko a daren da ya fi kowane duhu. Ta yaya hakan ta yiwu? Amsa ɗaya ce: girma. Faɗin Dabaran ya ninka na Rana sau 44 ko ɗoriya kaɗan. Daga cibiyarsa zuwa fatarsa kilomita miliyan 30 ne da 'yan kai. In da za a ɗauke Rana a ajiye shi a gurbinta, da jikinsa ya cinye fiye da rabin tazarar da ke tsakanin Rana da Uɗaridu, duniyar da ta fi kusa da ita, mu kuma daga nan da mun gan shi da faɗin da ya haura digiri 20 a sama, wato kamar taƙi guda idan ka miƙe hannunka. Yawan fatar nan ne ya rufe gibin zafin har ya yi rara. A hasken da ido ke gani ya fi Rana sau 150. Idan kuma aka haɗa da hasken da ido ba ya gani, irin wanda jiki ke ji a matsayin ɗumi, wanda shi ne mafi yawan abin da tauraro mai sanyin fata ke fitarwa, to ya fi ta sau 400 da wani abu.

Sai dai kada girman nan ya sa ka zaci nauyinsa haka yake. Nauyin Dabaran kaɗan ya ɗara na Rana, bai kai ninki ɗaya da rabi ba. Kayan da ya kusa daidai da na Rana ne aka baza a cikin wurin da zai ɗauki Rana sama da 80,000. In ka raba nauyin da girman, za ka tarar a matsakaici jikinsa ya fi iskar da muke shaƙa sakayau sau wajen 60. Ƙarfin janyowa a fatarsa ma rauni gare shi ƙwarai idan aka gwada da na doron ƙasa. Kusan duk kaurinsa ya tattaru ne a wata 'yar cibiya matsattsa a can ciki, sauran duk gas ne mai ƙuna da ya kumbura.

Me ya kumbura shi? Tsufa. Tauraro irin Rana yana rayuwa ne da haɗe sinadarin haidurojin ya zama hiliyom a cibiyarsa, kuma zafin da ke fita daga wannan haɗi shi ke tokare nauyin jikin kada ya rufta ciki. Rana ta yi shekara biliyan 4.6 a kan wannan aiki, tana da sauran wajen biliyan 5. Dabaran ya girme ta, an ƙiyasta shekarunsa sun haura biliyan 6, kuma da yake ya ɗan fi ta nauyi ya fi ta saurin cin makamashinsa. Haidurojin ɗin cibiyarsa ya ƙare. Cibiyar, wadda yanzu hiliyom ce zalla, ta tsuke ta ƙara zafi, sai wutar ta koma wani zobe da ke kewaye da ita inda haidurojin ya saura. Wannan zobe ya fi tsohuwar cibiyar ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya tura sassan waje suka yi ta buɗewa. Gas kuwa in ya buɗe sai ya huce, da fatar ta huce sai launi ya sauka daga fari zuwa ruwan goro. Ka ga ashe launi da girma da haske duk reshen abu ɗaya ne. Ni wannan ne ya sa nake ganin Dabaran ya cancanci a tsaya a dube shi fiye da wasu taurarin da suka fi shi ƙyalli: hanyar da ya bi ita ce Rana za ta bi in Allah ya kai ta wannan shekaru, tunda nauyinsu ya yi kusa.

Game da mai cewa ya riga ya mutu, wannan magana ana yawan yaɗa ta a kan taurari gaba ɗaya, kuma galibi ba daidai ba ce. Haske yana tafiyar kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa. Daga Rana zuwa nan minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi. Daga Dabaran kuwa shekara 65 zuwa 67, wato nisan ya haura kilomita tiriliyan 600. Hasken da ke shiga idonka a 'yan shekarun nan ya baro can ne a wajejen 1960, lokacin da Nijeriya da Nijar suka karɓi mulkin kai. Gaskiya ne tsohon hoto kake gani. Amma shekara sittin da 'yan kai ba komai ba ce ga abin da matakan rayuwarsa ake lissafa su da miliyoyin shekaru. Gaba da shi akwai matakin da cibiyar za ta kai zafin digiri miliyan 100, hiliyom ya kama, ya fara zama kabon da iskar oksijin. Bayan wannan ne zai zubar da sassansa na waje a hankali, a bar 'yar cibiya fara mai girman duniyarmu tana hucewa. Ba zai fashe ba, domin fashewa sai tauraron da ya ninka Rana nauyi sau takwas ko fiye. Jan tauraron nan na kafaɗar Jauza'u (rukunin taurarin nan mai siffar mutum, wato Orion), wanda Turawa ke ce wa Betelgeuse, shi ne irin masu fashewa, kuma shi ne na biyun da ake yawan rikita shi da Dabaran. Ya fi Dabaran ja, ya fi shi nisa sau da yawa, kuma ba shi da harafin V a kusa da shi.

Wataƙila ka ce, wa ya je can ya auno? Tambaya ce mai kyau, kuma ina son mai tambaya ya riƙa yin ta. Nisa ana samunsa ne ta hanyar kusurwa. Miƙe hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya ido: yatsan zai yi tsalle a kan abin da ke bayansa, kuma in ka matso da shi kusa tsallen zai ƙaru. Duniyarmu tana zagaya Rana, saboda haka inda muke a watan Yuni da inda muke a Disamba akwai tazarar kilomita miliyan 300. Masana sukan auna gurbin tauraro daga waɗannan wurare biyu, su ga iya tsallen da ya yi a kan taurarin da ke can baya, lissafi ya ba da nisa. Tauraron ɗan'adam mai suna Hipparcos, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 1989, shi ya ba da awon Dabaran da aka fi dogara da shi. Sinadaran jikinsa kuwa daga haskensa ake karanta su. Idan aka tsaga hasken tauraro ya bazu kamar bakan gizo, akan ga wasu siraran layuka masu duhu, kowane sinadari da nasa layukan. Tun a 1864 William Huggins da William Miller a Ingila suka yi wa Dabaran wannan aiki, suka ga alamar ƙarfe da sodiyom da kalsiyom da magniziyom, irin waɗanda muke da su a ƙasa.

Akwai wani ruɗin ido da ya kamata in faɗa maka. Taurarin nan masu siffar V, waɗanda ake kira Hayadis, dangi ne na gaske: tare aka haife su daga gajimaren gas guda shekara miliyan 600 zuwa 700 da suka wuce, tare suke tafiya, nisansu wajen shekarar haske 150, wato tafiyar da haske ke yi a shekara 150. Dabaran da kake gani kamar shi ne babbansu ba ya cikinsu. Bai kai rabin nisansu ba, ya girme su kusan sau goma, tafiyarsa ma daban. Layin ganinmu ne kawai ya ɗora shi a kansu. Kaza kuwa tana can baya da su duka, wajen shekarar haske 440. Saboda haka idan ka ɗaga kai ka ga Dabaran da V da Kaza a jere, zurfi uku kake kallo, ba shimfiɗa ɗaya ba.

Na ce yana nan inda kakanninka suka gan shi, kuma a ido haka ne, amma a awo yana motsi. Yana nisantar mu da gudun kilomita 54 a kowace daƙiƙa, yana kuma gusawa gefe, sai dai kafin ya gusa da faɗin Wata guda sai ya yi shekara wajen 9,000. Yana cikin taurari ukun da Edmond Halley ya gwada gurabensu da awon Girkawan dā a 1718, tare da Shi'ira da Simakur Ramihi, waɗanda Turawa ke ce wa Sirius da Arcturus, har ya kawo hujjar cewa taurari ba a kafe suke ba.

Sai batun ganinsa, kuma a nan mu mutanen wannan yanki mun yi sa'a. Dabaran yana digiri 16 da rabi arewa da layin da ya raba sama gida biyu, kudu da arewa, ke nan a ƙasar Hausa ta saman kai yake wucewa. A Kano, wadda ke kan digiri 12, yakan karkata arewa da digiri huɗu da rabi kawai idan ya kai ƙololuwa. A Agadas kuwa kusan a tsakar ka yake bi. Amfanin wannan shi ne tauraro in yana sama sosai haskensa ba ya ratsa iska mai yawa, ƙyaftawarsa takan ragu, launinsa na ainihi ya fito.

Taurari sukan riga jiya fitowa da minti huɗu kowace rana, wato awa biyu a wata. A tsakiyar Oktoba Dabaran yana ketowa daga gabas bayan ƙarfe 9 na dare. A farkon Disamba yana fitowa da magariba, ya kai tsakar sama da tsakar dare, ya faɗi da asuba, wannan ne lokacin da ake samunsa dare guda cur. A tsakiyar Janairu yana saman kai wajen ƙarfe 9 zuwa 9 da rabi, wanda a ganina shi ne lokacin da ya fi dacewa a fita da yara a nuna musu bayan sallar isha'i. A farkon Maris da magariba ta yi yana can sama, a tsakiyar Afrilu ya koma yamma yana faɗuwa kafin ƙarfe 10. Daga tsakiyar Mayu hasken Rana ke haɗiye shi, a ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni Rana tana sashensa, sai a ƙarshen Yuni masu fita sallar asuba su fara hango shi ƙasa-ƙasa a gabas in hadari bai rufe ba. Ɓuyansa da sake fitowarsa sun zo daidai da saukar damina a yawancin ƙasarmu, shi ya sa lissafin manziloli, kowace da kwana 13, ya yi wa manoma amfani a matsayin kalanda. Kalanda ce kuwa, ba fiye da haka ba. Tauraron da ke nisan kilomita tiriliyan 600 ba shi da hannu a ruwan da ke sauka a gonar kowa, kuma hadisi ingantacce ya yi hani ga jingina ruwan sama ga tauraro.

Hanyar da ta fi sauƙin kai ka gare shi ita ce ta taurari ukun nan da suke a jere daidai wa daida a tsakiyar Jauza'u. Da daddare idan suna gabas, layinsu a tsaye yake. Bi shi ƙasa, za ka isa Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda aka ambata a Suratun Najmi. Bi shi sama kimanin dunƙulen hannu biyu a miƙe, za ka faɗa kan Dabaran. Ƙara dunƙule ɗaya da rabi, ga Kaza.

Matsalarmu ita ce lokacin ganinsa ya haɗu da hazo. Ƙurar hunturu tana rage hasken taurari, kuma tana sa duk abin da ke ƙasa-ƙasa ya yi ja-ja, har farin tauraro ma. Don haka kada ka yanke hukunci a kan launi sai tauraron ya ɗaga sosai. Dabaran kansa hazo matsakaici ba ya ɓoye shi, ko a cikin gari mai fitilu ana ganinsa, amma ƙananan taurarin V su ne ke fara ɓacewa. Ka zaɓi daren da ba farin wata, ka kauce wa fitila, ka ajiye waya, ka ba idonka minti 15 ko 20 ya saba da duhu. In ka sami madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, ya fi babbar na'ura amfani a nan, domin yana ɗaukar V ɗin kusan gaba ɗaya. Ka ɗan kauda saitinsa kaɗan har ɗigon ya bazu, launin zai fi fitowa. Haskensa yana ɗan hawa da sauka ba bisa tsari ba, amma wannan sai na'ura, ido ba zai lura ba.

An daɗe ana muhawara ko yana da duniya mai zagaya shi. Tun 1993 aka ga wani ɗan kai-komo a motsinsa, a 2015 wasu masana suka ce wata duniya ce da ta ninka Mushtari nauyi sau shida, mai zagaye a kwana 629, amma awon da aka ƙara daga baya ya raunana wannan magana, domin irin waɗannan kumburarrun taurari jikinsu kansa yana motsin da kan yi kama da jan wata duniya. Kumbon Pioneer 10 da Amurka ta harba a 1972 ya nufi sashensa ne, sai dai da gudun da yake yi zai ɗauki shekara wajen miliyan 2 kafin ya ci wannan nisa.

Abu na ƙarshe da zan so ka sa a ranka shi ne haɗuwarsa da Wata. Kowane wata, Wata yana wucewa ta kusa da shi, kuma a wasu shekaru yakan bi ta gabansa ya rufe shi ɗungum. Taurari huɗu ne kacal cikin manyan masu haske Wata ke iya yi wa haka, Dabaran na cikinsu. Abin yana zuwa ne a jere, wata bayan wata na tsawon 'yan shekaru, sannan ya ɗauke, saboda hanyar Wata tana jujjuyawa a zagayen shekara 18.6. Jerin da ya wuce ya fara a 2015 ya ƙare a 2018, na gaba zai fara a 2033. Da yake Wata ba shi da iska, tauraron ba ya dusashewa a hankali, ɗif yake ɗaukewa a bakin Wata. A ido kamar nan take ne, amma na'ura mai sauri tana nuna ɗaukewar takan ci kimanin kashi 4 cikin 100 na daƙiƙa, kuma daga wannan ɗan lokaci ne aka lissafa faɗinsa a sama, kusan kashi 1 cikin 90,000 na faɗin Wata. Da aka haɗa wannan da nisan da aka auna, sai ninki 44 ɗin nan ya fito. Kowace rufewa wani yanki na duniya ne kawai ke ganinta, don haka idan lokacin ya matso sai ka duba manhajar taurari ta waya, irin Stellarium, ka sa sunan garinku, za ta nuna maka dare da sa'ar da ta shafi inda kake.